Dandamalin Usta Rizk

Akwai wani kafinta a Dumyaɗ mai suna Usta Rizk. A zamaninsa babu ƙugin inji a lungunan garin, sai ƙarar zarto da ƙamshin ɗanyen katako. Kowa ya san ɗan kowa.

Jikarsa Nagat 'yar shekara huɗu ce, kurma tun haihuwa. Shi yake kai ta makarantar renon yara ta unguwa, wurin Abla Suhair, malamar da ta yi karatu a Alƙahira, kuma ba ta bari a manta da hakan.

Wasan kujeru yaran suka fi so. Malama ta kaɗa ganga suna zagaye, in ta tsaya kowa ya cafke kujera. Kullum sai kowa ya zauna a bar Nagat tana gudu ita kaɗai, ana yi mata dariya, ta fashe da kuka.

Wata Alhamis malamar ta tare Usta Rizk a ƙofa. Ta ce yarinyar tana ɓata wasa, daga Asabar ta zauna a gida.

Ya roƙi a ƙara mata kwana ɗaya.

"Usta, wannan ba ƙafar teburi ba ce da za ka buga wa ƙusa," in ji ta.

Amma ya san abin da ita ba ta sani ba. In ya ɗora Nagat a bencin aikinsa yana buga guduma, ƙyalƙyala dariya take yi, da ya tsaya kuma sai ta juyo ta harare shi.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya harhaɗa falankai. Matarsa ta leƙo ta ce, "Tsoho, gadon amarya ne ko jirgin ruwa?" Ya ce ta kawo shayi dai.

Asabar da safe ya shimfiɗa dandamalin a tsakar makarantar, ya jera kujerun a kai, ya kafa gindin gangar a jikin katakon. Ya sa duk yaran suka cire takalma.

Malama ta kaɗa tana taɓe baki. Nagat ta tsaya cak, ta kalli ƙafafunta, bugun gangar yana ratsa katakon yana girgiza su. Sai ta kwasa da gudu.

Ganga ta tsaya, Nagat ta riga kowa zama. An sake, ta sake. A zagaye na huɗu wani yaro ya riga ta, ta koma gefe tana tafi tare da waɗanda aka fitar.

Abla Suhair ta dubi Usta Rizk ta ce, "Baba Rizk, gobe ƙarfe takwas. Kada ta makara."

Ya ɗauki gudumarsa ya koma shago.

Darasi: In yaro mai naƙasa ya kasa shiga wasa, a gyara wasan, kada a kori yaron. Kuma mai takarda ya riƙa sauraron mai guduma. Ku tura wa iyaye da malaman da kuka sani.