Hukuncin Hakimi Barau a Kan Babur Mai Caji

An ce wai a wani birni an yi wani makaho, Malam Nagoma, wanda ya shekara talatin yana bin daɓen gefen titi daga gidansa zuwa masallaci, ba ɗan jagora, sai sanda da kunne. Mota yana jin ta tun daga nesa, jaki ma yana jin kofatonsa. Sai samari suka shigo da babura masu caji, waɗanda ba su da ƙara ko kaɗan, suka hau daɓen. Rannan ɗayansu ya fizge masa sanda ya wuce. Tun daga nan Nagoma ya kasa sukuni: ya fito ƙofa ya koma, ya sake fitowa ya koma, har jam'i ya wuce shi kwana tara.

Ya kai ƙara gaban Hakimi Barau. Aka kira Lawandi, shugaban masu baburan.

Lawandi ya ce, "Ranka ya daɗe, titi na manyan motoci ne, can niƙe mu za a yi. Mu kuma gwanaye ne. Baba ya kwantar da hankalinsa, muna ganinsa."

Nagoma ya ce, "Kuna ganina. Ni fa, ɗan nan?"

Hakimi ya ce a je wurin. Ya sa aka ɗaure wa Lawandi ido da rawani, aka tsayar da shi a tsakiyar daɓen. Ya ce, "Gwanayenka goma za su wuce ta gefenka. In ka tsaya har su gama, hanya taku ce."

Wuri ya yi tsit. Nagoma yana jin numfashin Lawandi na hawa, yana jin takalminsa na gogar siminti. Can sai Lawandi ya yi tsalle, ya fincike rawanin.

"Wallahi saura kaɗan su kwashe ni!"

Hakimi ya ce, "Duba bayanka. Ko ɗaya bai motsa ba. Kai ka cire naka ɗaurin idon da hannunka. Wannan dattijo wa zai cire masa? A ja muku layi a bakin titi, motoci su bar muku shi. Wanda ya hau daɓe, ya sauka ya tura."

Da la'asar Nagoma ya tafi masallaci shi kaɗai, a sahun farko ya yi salla.

Ku riƙe wannan: hanyar da mai rauni ke bi da tsoro, ƙwace ta aka yi, ko ba a taɓa shi ba.