Aron Idon Hawainiya

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Kaza dai kun san ta da fargaba. Wata rana ta fita kiwo, sai uwar gida, Iya Ladingo, ta shafa wa 'yan tsakinta jan galura don kada shirwa ta gane su, ta sake su a gindin rumbu.

Da Kaza ta dawo ta hango ja a ƙasa, sai ta ɗauka jini ne. Ta kasa sake kallon wurin, ta kafa wa sama ido tana kuka. Shirwa kuwa tana can tana shawagi.

Hawainiya, sarkin natsuwa, tana kan danga. Ta ce, "Ƙawata, me kike nema a sama?"

Kaza ta ce, "Wadda ta cinye mini 'ya'ya."

"Kin duba ƙasa?"

"Idona ya ƙi zuwa wurin."

"To, idanuna kowanne da aikinsa. Na ara miki ɗaya ya tsare miki sama, ke ki sauke naki."

Kaza ta sauke ido a hankali. Sai ta ga jinin nan yana da ƙafafu, har yana tsince tsaba. Ta ruga ta rufe 'ya'yanta da fukafukai, shirwa ta kawo sura ta tashi a banza.

Kaza ta ce, "Allah ya saka miki da alheri. Yaushe zan maido miki da idon?"

Hawainiya ta ce, "Riƙe shi har su girma."

Kaza kuwa ba ta daina ƙyanƙyasa ba. Shi ya sa har yau idon Hawainiya ɗaya yana sama.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa rumbu.