Katin da Ya Tare Hanyar Gida

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan garin Manzo, ba zan kama sunansa ba, domin wasunku sun sha shayi da shi. Mutumin Chadi ne, direba a wani kamfanin motoci da ke kai baƙi ziyara Uhudu da Ƙuba. Yana zaune a Harra ta Yamma da matarsa Rakiya. Albashinsa bai kai ya yi wasa da shi ba, amma yana rufa masa asiri.

Abu ɗaya ke damunsa, son a ce. Kun san halin mutanenmu: duk wanda ya zo Umra daga gida, sai ya nemi ɗan garinsu mazaunin Madina. Shi kuma wannan bawan Allah ba ya iya tarbar baƙo da abin da ke gidansa. Sai an yanka rago. Sai an je Awali an sayo dabinon ajwa kwali-kwali. Sai kowa ya koma da jallabiya da turare, don a je Anjamena a ce ɗan Hajiya ya zama mutum.

Da albashi ya kasa, sai ya karɓi katin bashi na banki. Malam Osman, dattijon da ke ja musu salla a unguwa, ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Ɗana, wannan abu da ruwa a cikinsa. Ka mayar musu."

Ya ce, "Ma fi mushkila, Baba, ba matsala. Ƙarshen wata zan biya."

Ƙarshen wata ya zo, ya biya ɗan abin da aka ce a fara da shi. Na gaba ya zo da azumi da baƙi, bai biya ko riyal ba. Na bayansa ma haka. Ruwa ya hau, tara ta hau kan ruwa. Banki suka fara kira, suka ce ya zo a zauna a raba masa biyan daidai ƙarfinsa. Kun san abin da gwanin naku ya yi? Ya sa wayar a aljihu ya bar ta tana ta kuka. Daga baya ma ya sake layi, wai ya yi dabara.

To, da ya sake layi, ya sake suna ne? Ya sake iƙama, takardarsa ta zama a ƙasa?

Tsoro ya shige shi. Mota ta tsaya a ƙofar gida, gabansa ya faɗi. Yana tuƙi yana lissafi, har ya wuce mahaɗa da baƙi a mota. Rakiya ta ce, "Malam, ka rame. Mene ne?" Ya ce gajiya ce. Ko ita bai gaya wa ba, kuma duk da haka baƙon da ya zo a makon nan sai da ya ci rago.

Ana cikin haka ƙanensa Zakiru ya kira daga Anjamena, da hantsi. "Yaya, Inna ce. Likita ya ce a kira na nesa. Ba ta ambaton kowa sai kai."

Ya ajiye motar ya ruga ofishin kamfani, ya roƙi a fitar masa da bizar fita da dawowa. Ma'aikacin ya danna, ya sake dannawa, sannan ya juyo ya dube shi.

"Ya akhi, akwai mana'a safar a kanka. An kai ka kotu kan bashi, an yi hukunci. Ba ka fita ƙasar nan sai ka biya."

"Wallahi uwata ce ba lafiya!"

"Allah ya ba ta lafiya. Ba a hannuna yake ba."

Ya fito rana na dukansa. Ya kira waɗanda suka ci ragunansa. Wani ya yi masa addu'a, wani bai ɗaga ba. A ƙarshe kunyar da ya yi ta gudu ita ya je ya durƙusa a cikinta, gaban Malam Osman. Dattijo bai ce masa "na gaya maka" ba. Ya tashi ya bi shagunan 'yan uwa, teloli da masu gasa nama, ana haɗa kuɗi. Rakiya da ta ji, ta cire awarwaronta ta bayar a sayar. Amma bashin da aka yi wata da watanni ana kiwonsa ba ya mutuwa rana ɗaya, kuma ko an biya, sai takarda ta bi hanyarta.

Zakiru ya sake kira, ya kara wa tsohuwa wayar a kunne. Da ƙyar ake jin ta.

"Ka taso?"

Ya ce, "Na taso, Inna. Ina hanya."

Ta ce, "Alhamdulillahi. Zakiru, a gyara masa ɗaki."

Ƙarya ce maganarsa ta ƙarshe da mahaifiyarsa. Ta cika washegari tana tambaya ko jirgi ya sauka.

A ranar ya shiga Harami sallar La'asar. Da aka sallame, aka yi kiran sallar gawa kamar yadda ake yi kullum. Ya tashi cikin sahu ya yi kabbara huɗu a kan mamatan da bai sani ba, yana kuka har na gefensa ya riƙe shi. Tasa uwar kuwa, Zakiru da maƙwabta ne suka sa ta a kabari.

Ya 'yan uwa, ba giya ya sha ba, ba caca ya yi ba. Riya ce ta kai shi ga riba, riba ta kai shi ga ɓuya, ɓuya ta kai shi ga ƙarya. Wanda yake da wannan kati a aljihu ya dubi kansa. In ka riga ka faɗa, ka ɗaga waya, ka je ka zauna da su, ka gaya wa iyalinka, ka tuba ka biya. Baƙonka kuma ka ba shi abin da kake da shi, ko dabino ne da ruwa.

Allah ya raba mu da riba da son a gani. Allah ya sauke wa masu bashi nauyinsu. Allah ya kiyaye mu, kada iyayenmu su kira mu mu kasa zuwa. Amin.