Labulen Ɗakin Malam Umaru

Akwai wata mata a Samaru mai suna Zubaidatu, ma'aikaciyar ofis ce. Mace ce mai son tsari, kuma irin mutanen nan ne da idan suka yanke magana a ransu, to an gama. Ba muguwa ba ce, wannan zan faɗa tun da wuri. Matsalarta ɗaya ce, ba ta tambaya.

Mahaifinta, Malam Umaru, tsohon malamin firamare ne. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, sai ta ɗauko shi daga gidansu na Zabi ta dawo da shi wurinta. Kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin kiran salla. Idonsa kuma ya yi yana, ba ya ganin agogo, amma yana bambance haske da duhu.

Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. "Uwata" yake ce mata. Kuma tun tana ƙarama bai iya yi mata musu ba, kunyarta yake ji kamar ita ta haife shi.

Ɗakin da ta ba shi tagarsa yamma take kallo. Cikin mako guda tsohon ya karanci ɗakin. Idan hasken rana ya faɗo ƙasan taga, azahar ta yi. Idan ya rarrafo har ya hau gado, ya ji ɗuminsa a ƙafarsa mai lafiya, la'asar ta yi. Sai ya jawo dutsen taimamarsa ya yi sallarsa a zaune.

Zubaidatu ba ta san da wannan ba. Ƙarfe takwas take fita, biyar take dawowa, mijinta kuma a Jos yake aiki. Akwai Japheth, ma'aikacin jinya da ke zuwa da safe ya gyara tsohon ya motsa masa gaɓoɓi, amma ƙarfe goma yake wucewa. Abin da ta sani kawai shi ne, duk ranar da ta dawo sai ta tarar ɗakin ya ɗauki zafi, ga bazara ta kankama, ga likita ya ce a bar shi ya riƙa samun barci.

Wata Asabar ta shiga kasuwar Sabon Gari, layin masu labule. A gidan wata ƙawarta ta ga irin wanda take so, mai kauri, wanda idan aka sake shi tsakar rana sai ɗaki ya yi duhu dunɗum.

Shagon Madam Nonye ta shiga. A Sabon Gari aka haifi Nonye, Hausarta ta fi ta wasunmu, kuma ta yi shekara ashirin tana ɗinka labule.

"Hajiya, sannu da zuwa. Wane iri kike so?"

"Mai tare haske gaba ɗaya. Ko ɗigo ban so ya shiga."

Nonye ta sauko da kala uku, ta kunna tocilan wayarta ta manna a bayan kowanne. Na farko haske ya ɗan ratsa, na biyu ma haka. Na ukun, ruwan toka mai shafi a baya, ko alama. Zubaidatu ta ce shi take so.

"Ɗakin waye, Hajiya?"

"Na mahaifina. Ba shi da lafiya."

"Yana iya tashi ya ja labule da kansa?"

"Ba ya tashi."

Nonye ta ajiye almakashi. "To ki bari in haɗa miki biyu. Mara nauyi a ciki, wannan a waje, lokacin barci a saki mai kaurin. Tsoho da duhu ba sa shiri. Ko ki koma ki tambaye shi tukuna, kayan ba gudu za su yi ba."

Nan ran Zubaidatu ya ɓaci. "Madam, saye na zo yi, ba neman shawara ba. Ni ce 'yarsa, ni na san abin da ya dace da shi."

"Ki yi haƙuri," in ji Nonye. Ta auna, ta yanka, ta ɗinke.

Ranar Lahadi aka rataya shi. Gaskiya labule ya yi kyau, tun daga sama har ƙasa, ɗaki ya yi sanyi. Zubaidatu ta ɗauki hoto ta tura wa ƙawayenta, yabo ya yi ta shigowa.

"Baba," ta ɗaga murya kusa da kunnensa, "yanzu rana ba za ta ƙara damunka ba. Ka ji daɗi?"

Tsohon ya juya fuskarsa wajen da tagar take. Can ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata."

Washegari ta ja wa Japheth kunne cewa kada ya kuskura ya buɗe labulen. Ran Talata Malam Umaru ya roƙe shi ya ɗan ɗaga gefe guda. Japheth ya ce, "Baba, Hajiya ta hana." Tsohon ya ce, "To, a bar shi yadda ta ce." Bai sake tayar da maganar ba.

Mako uku ana haka. Abincin da take bar masa a gefen gado ya fara dawowa rabi. Ya rage magana. Idan ta dawo sai ta same shi a gajiye liƙis, mutumin da aka ce yini yake yana hutawa. Ta canja masa magani, ta canja masa filo, ta yi wa Japheth faɗa har sau biyu. Labule kuwa ko sau ɗaya ba ta zarge shi ba, ai ita ta zaɓo shi.

Wata Litinin ciwon kai ya maido ta gida da wuri. Ta tura ƙofar ɗakin a hankali. Sai da idonta ya saba da duhun sannan ta gan shi a zaune yana salla. Ta jira. Ya yi raka'a huɗu, ya sallame.

Ta taɓa kafaɗarsa. "Baba, ni ce."

"Uwata, har biyar ta yi?"

"A'a, sha ɗaya da rabi ne."

Ya sunkuyar da kai. "Ashe wannan ma ba ta shiga ba."

"Mece ce ba ta shiga ba?"

"Azahar."

Ta zauna a bakin gado. Sai da ta matsa masa sannan ya yi bayani, a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Ya gaya mata yadda yake gane lokaci da hasken taga. Ya ce tun ranar da aka sa labule, da zarar Japheth ya fita sai lissafi ya ɓace masa. Sai ya jira ya ji kamar an daɗe, ya yi azahar. Zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya ɗan jima ya sake yi. Wata rana sau huɗu, wata rana sau biyar, da fatan ɗaya za ta faɗa cikin lokacinta. La'asar ma haka.

"Ina tsoron in yi barci lokaci ya wuce," in ji shi. "Shi ya sa ba na runtsawa."

Nan Zubaidatu ta gane. Ita da ta sayo labule don ya yi barci, ita ce ta hana shi barci mako uku. Kunya ta kama ta, da haushin kanta, da wani tausayi mai ciwo.

"Baba, don me ba ka faɗa mini ba?"

"Na ji muryarki ranar da aka rataya shi. Kin yi murna. Ta ina zan fara?"

Ta tashi ta yaye labulen, ta hau kujera ta sauke shi har da sandarsa. Tana yi tana kuka, tana cewa ya yafe mata. Ya ce babu abin yafewa, alheri ta nufa. Wannan maganar ta fi zagi yi mata zafi.

Wajen ƙarfe ɗaya haske ya faɗo ƙasan taga. Tsohon ya gyara zama, ya laluba dutsensa, ya yi azahar sau ɗaya. Yana idarwa barci ya ɗauke shi, har da minshari.

Da ya farka ya ce ta lissafa masa kwanakin. Ta cire Asabar da Lahadi da take gida, aka samu kwana goma sha biyar, salla talatin ke nan. Ya ce zai rama su duka, domin bai san wadda ta dace da wadda ba ta dace ba.

Ta kira limamin unguwa don ya kwantar masa da hankali. Liman ya ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma Allah ya ga zuciyarsa. Malam Umaru ya yi godiya, liman na fita ya ce a kawo masa ƙwallayen dabino guda talatin a kwano.

Duk wadda ya rama sai ta cire ƙwallo ɗaya. Ta ɗauki hutu a ofis ta zauna da shi. Amma jikin ya riga ya yi rauni. Wata rana ya rama biyu, wata rana ɗaya, wata rana farillar ranar ma da ƙyar yake kaiwa. Ita ke tallafe masa baya idan zai sunkuya, kuma kowace sunkuyawa tana jin ita ta ɗora masa.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki, wata Laraba da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Umaru.

Masu zuwa gaisuwa sun yi ta yaba mata. Kowa na cewa samun 'ya mai riƙe uba irinta sai an tona. Ita dai sai ta sunkuyar da kai.

Bayan addu'ar uku tana gyara ɗakin, ta jawo kwanon daga ƙarƙashin gado. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Saura tara.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta isa ba idan babu tambaya. Kafin ka canja wani abu a rayuwar tsoho ko mara lafiya, ko da labulen taga ne, ka zauna ka tambaye shi, ka kuma saurara da kyau, domin iyayenmu da yawa sun gwammace su cutu a kan su ɓata mana rai. Kada ka raina shawarar mai sana'a don kawai kai ne mai saye. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda ke raye. Ka tura wannan ga duk wanda ka san yana jinyar uwa ko uba a gida, wataƙila yau ya shiga ɗakin ya yi tambaya.