Ƙudurin Akuya na Ranar Alhamis

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A majalisar dokokin daji, Kura ce ke tsara jadawalin mako. Akuya ta kawo ƙudurin hana farauta a bakin rafi, inda aka cinye mata 'ya'ya biyu.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, yaushe za a yi muhawara?"

Kura ta ce, "Alhamis bayan la'asar, ƙarshen kowa." Ta san a lokacin nan kowa ya kama hanyar mazaɓarsa.

Akuya ta bi ƙananan dabbobi gida-gida tana roƙo, "Don Allah, wannan Alhamis ku daure ku zauna."

Ran Alhamis da azahar, Zaki shugaban majalisa ya fice, Kura da Damisa suka rufa masa baya. Bayan la'asar, mataimakin Zaki, Kunkuru, da ba ya gaggawar zuwa ko'ina, ya ƙirga kawuna, ya ga sun isa a kaɗa ƙuri'a.

"Masu goyon baya?" Zaure ya ɗauka. "Masu adawa?" Tsit.

Ran Talata Kura ta dawo tana kumfar baki. "Wane munafuki ya sa wannan muhawara ba na nan?"

Akuya ta miƙa mata jadawalin. "Ga sa hannunki, ranki ya daɗe."

Ƙurunƙus kan kusu, tatsuniya ta koma daji.