Tunau Maharbi da Shekarar Fara

A zamanin da ƙasar bayan duwatsu ba ta da suna a bakin fatake, an yi wani maharbi da ake kira Tunau. Mutum ne dogo, marar yawan magana, wanda ya saba kwana a duk inda rana ta faɗi masa. Maroƙa na yi masa kirari da cewa, "Tunau na gaban ɓauna, mai kibiya ɗaya, ba a yi maka gudu biyu!" Tsofaffi sun ce ko giwa ta ji warin dafinsa sai ta sake hanya.

Wata shekara, ana gab da saukar damina, ya ƙetare duwatsun don ya ga abin da ke bayansu. Ya tarar da ƙasa mai jar laka da manyan itatuwan ɗorawa, gidaje a warwatse, kowane a tsakiyar gonarsa. A gefen daji ya iske wata tsohuwa mai suna Tabawa tana sharar gona ita kaɗai. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun bi fatauci ba su dawo ba.

"Inna, ina neman wurin da zan ajiye kwarina har kaka," in ji shi.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta nuna wata bukka a ƙarshen gonar. "Ga ta can, rufinta na yoyo. Ka gyara ka zauna. In ka kashe nama, cinya tawa ce."

A haka suka shirya. Da safe ya shiga daji yana koyon ƙasar, ya san ƙoramunta da kogunan duwatsunta, ya san inda gada ke shan ruwa. Da la'asar ya dawo ya tarar da tuwon maiwa a rufe a ƙofar bukkarsa. Shi da bai taɓa riƙe fartanya ba, sai ga shi yana taya ta noma, tana yi masa dariya saboda yana sare gero yana barin ciyawa. Ba a daɗe ba ta daina ce masa baƙo, ta koma kiransa ɗana.

Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai. Sai wata rana da hantsi gabas ta yi duhu, alhali babu ƙamshin ruwa. Fara ce. Ta sauko kamar an zazzage ta daga sama, rassan ɗorawa suna karyewa don nauyinta. Tunau ya fito da bakansa a hannu, ya ɗana kibiya, ya tsaya. Bai ga abin da zai harba ba. Ya jefar da bakan, ya tuɓe rigarsa yana kaɗawa, yana ihu, yana kunna ciyawa don hayaƙi. Tabawa tana zaune a bakin rumbu tana kallonsa.

"Bari, ɗana," ta ce. "Wannan ba namanka ba ne."

Kafin azahar gonar ta koma kara tsirara.

Mutane suka soya farar suka ci har ta ƙare. Namun daji suka rasa ciyawa suka yi ƙaura. Tunau ya riƙa fita yana dawowa hannu wofi, maharbin da ake yi wa kirari ya koma tonon ramin ɓera. Maƙwabta suka ɗaure kayansu suka bi hanyar kudu. Ya roƙi Tabawa ta hau bayansa su bi su, ta ƙi, ta ce ba za ta bar kabarin mijinta ba, kuma ƙafafunta sun riga sun kumbura. Ya lura tana zuba masa kunun da ya fi nata kauri. Ya yi magana, ta ce ita tsohuwa ce, cikinta ƙarami ne.

Da ƙasan rumbu ya bayyana, ya tara mata itace, ya cika randa, ya ce zai shiga yamma, inda bai taɓa zuwa ba, ko Allah zai sa ya dace.

"Je ka," ta ce. "In ka samu, ka fara ci kafin ka kawo."

Ya yi ta tafiya cikin ƙasar da fara ta aske. Yunwa ta ci ƙarfinsa, har ya faɗi a gindin wata kuka. Nan, in ji masu ba da labari, wata tsuntsuwa, gauraka, ta sauka a gabansa, ƙafafunta da ɗanyar laka. Ya ja baka, hannunsa ya kasa. Tsuntsuwar ba ta tashi ba. Ta riƙa takawa tana waiwayensa, in ya faɗi ta tsaya, har ta kai shi wata fadama a tsakanin duwatsu wadda fara ba ta gani ba. Shinkafar daji ta nuna a cikinta, bado ya rufe ruwan, kifi na tsalle.

Ya ci kaɗan, ya cika burgaminsa na fata da shinkafar, ya juya da gudun da ya rage masa. Ya iske ta a kwance a kan tabarma, da sauran numfashi. Ya hura wuta, ya dama kunun shinkafa, ya tallafo kanta.

"Inna, na samo. Buɗe baki."

Ta buɗe ido, ta shaƙi ƙamshin, ta yi murmushi. Maƙogwaronta ya riga ya rufe, kunun ya gangaro ta gefen bakinta. Ya sake gwadawa, ya sake. Tana riƙe da yatsansa har hannunta ya saki.

Ya binne ta kusa da mijinta. An ce ya zauna a bakin kabarin da ƙwaryar kunun a cinyarsa har ta yi sanyi, yana maimaita kalma ɗaya: "Na makara."

Daga baya ya bi sawun waɗanda suka gudu, ya tattaro waɗanda ya samu da rai, ya kai su fadamar. Suka kafa gari a kan tudun da ke gefenta. Sun so su naɗa shi sarki, ya ƙi, kuma ya hana a sake yi masa kirari har ya mutu. Garin shi ne ake kira Tudun Makara.

Har yau, idan sabon hatsi ya shigo garin, ba mai kai shi baki, ko mai gari ko jinjiri, sai an dama kunu an kai wa tsohuwar da ta fi kowa shekaru. Ana tsayawa a ƙofarta shiru, ana kallon maƙogwaronta. Sai ta haɗiye, sannan a ɗora tukwane.