Ƙafar Tsohon Manomi da Hannun Ɗansa

Na san wasunku za su yi shakka idan na ce mutum yana iya gai da mahaifinsa kowace safiya, duk da haka ya yashe shi. Amma tun da na fara koyarwa a makarantar Lahadi, ban taɓa kawo muku zancen da ba ni da shaida a kansa ba.

Akwai wani tsohon manomi mai ɗa guda. Ɗan ya tafi birni, ya zama ɗan wasan fim. Ba mugun ɗa ba ne. Ta waya yake gai da uban, ta waya yake nema masa masu noma, ta waya ma suke addu'ar safe tare.

Ana nan, sai fartanya ta sari tsohon a ƙafa. Ciwon ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. Kullum ɗan ya tambayi lafiyarsa, sai ya ce lafiya lau, gama ba ya so ya tayar masa da hankali. Waya kuwa ba ta jin wari.

Wata rana maƙwabciyarsa ta nuna masa sabon fim a wayarta. Sai ga ɗansa durƙushe, yana wanke ƙafar wani tsoho da ruwan ɗumi, yana ɗaure ta a hankali. Manomin ya roƙa a maimaita masa wurin, ya kalla, ya sake kallo.

Washegari ɗan ya kira, ya tambaya ko Baba ya ji daɗin fim ɗin. Uban ya ce, "Na san wasa ne, ɗana. Amma na ga yadda ka riƙe ƙafar nan. Ashe hannunka ya iya."

Ɗan bai taɓa jin muryar uban haka ba. A ranar ya hau mota. Ya tarar ƙafar ta kumbura har gwiwa, sai ya goya uban zuwa asibiti. Aka ceci ƙafar, amma babban yatsa ya tafi.

Ma'anar wannan misali ita ce: waya tana kai murya, amma ba ta wanke ciwo. Ubangijinmu bai aika wa almajiransa gaisuwa ba. Ya ɗaura tawul, ya durƙusa, ya wanke musu ƙafafu. Wanda Allah ya ba ka amanarsa, je ka gan shi da idonka, musamman idan kullum yana cewa lafiya lau.

Wanda har yanzu yake shakka, bayan sujada ya tambayi Malama Rifkatu Maigida, ma'aikaciyar jinya. Ita ta koya wa ɗan ɗaure ƙafar ta gaskiya.